Rance a Kan Takardun Mota: Abubuwan da Ake Dubawa Kafin a Karɓi Abin Hawa a Matsayin Jingina

Rancen da ake jinginar da mota dominsa wani nau'in bashi ne inda mai mota ke karɓar kuɗi daga banki ko kamfanin bayar da lamuni, ya miƙa takardun motarsa na asali, ya kuma amince a rubuce cewa idan ya gaza biya za a karɓe motar a sayar. Ya sha bamban da jinginar da aka saba da ita a ƙasar Hausa, wadda gona ko zinare ke komawa hannun mai kuɗi har ranar da aka fanshe su. A wannan tsari galibi motar tana ci gaba da zama a hannun mai ita, yana zuwa ofis ko kasuwa da ita, takardu da haƙƙin sayarwa ne suke komawa wurin mai bayar da rance.

Tunda motar ba ta hannunsa, mai bayar da kuɗin yakan tsananta bincike fiye da yadda masu nema ke zato. Abubuwa uku yake son tabbatarwa: cewa motar ta mai neman ce kuma babu wani da ke da haƙƙi a kanta, cewa za ta sayu cikin gaggawa a kan kuɗin da ya zarce bashin, da kuma cewa mai neman yana da samun da zai riƙa biya duk wata. A Najeriya, na farkon ne ya fi kayar da mutane, alhali shi ne wanda aka fi raina wa.

Asalin tsarin da matsayinsa a dokar Najeriya

Ƙasar da wannan rance ya fi shahara ita ce Amurka, inda kowace jiha ke bai wa mai mota takarda guda ɗaya ta shaidar mallaka, wadda ake rubuta sunan duk mai bin bashi a jikinta. A can, mai wannan takarda na iya shiga shagon bayar da rance ya fito da kuɗi a rana ɗaya, sau da yawa ba tare da an duba tarihin bashinsa ba. Sai dai sauƙin yana da tsada. Wa'adin biya yakan kasance kwana 30, ruwan kuɗin kuma yakan kai kashi 25 cikin 100 a wata, wato kusan kashi 300 a shekara. Wani rahoto da hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta ƙasar, CFPB, ta fitar a 2016 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin biyar na masu cin irin wannan bashi yana rasa motarsa, kuma fiye da huɗu cikin biyar na basussukan sabunta su ake yi a ranar da wa'adi ya cika saboda an kasa biya gaba ɗaya.

A Najeriya an daɗe bankuna ba sa son karɓar jinginar komai sai fili ko gida mai takardar mallaka ta gwamnati. Dalilinsu a fili yake: gida ba ya gudu, mota kuwa tana iya kwana a Kano ta wayi gari a wata ƙasa, kuma babu inda za a duba a gane ko an riga an jinginar da ita ga wani. Wannan giɓi aka nemi cikewa a 2016 lokacin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya buɗe rajistar jingina ta ƙasa da ake kira NCR. A watan Mayun 2017 kuma Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sanya hannu a kan dokar jinginar kadarorin da ake iya motsawa, tare da dokar tattara bayanan basussuka. Tun daga nan mota, babur mai ƙafa uku, injin niƙa, kayan shago da dabbobi suka samu gurbi a doka a matsayin abin jingina. Mai bayar da rance yana shigar da haƙƙinsa a rajistar ta intanet, kuma idan mutum biyu suka yi iƙirari a kan mota ɗaya, wanda ya riga yin rajista shi ke gaba.

Takardun mota

Najeriya ba ta da takarda guda ɗaya tilo da ke yanke hukunci kan mallakar mota kamar ta Amurka. Abin da ake da shi tarin takardu ne da ke tallafar juna, kuma idan ɗaya ta saɓa wa sauran, duka sun raunana. Waɗanda aka fi nema su ne takardar shaidar mallaka, lasisin mota da bai ƙare ba, takardar ba da lambar mota, takardar shaidar lafiyar mota ta jami'an VIO, inshora, rasit ko yarjejeniyar ciniki, da takardun kwastam idan daga waje aka shigo da ita. Motar haya kuma tana da ƙarin izinin ɗaukar fasinja ko kaya.

Babbar matsala ita ce ta suna. Al'adar cinikin mota a kasuwanninmu ita ce a yi ciniki ta hannun dillali, a biya kuɗi, a karɓi makulli da ambulan takardu, shi ke nan. Mai sayen yakan ci gaba da sabunta lasisi da sunan wanda ya sayar masa, shi ma watakila da sunan wani ya same ta. Ana iya samun motar da ta ratsa hannu huɗu amma takardunta na ɗauke da sunan mutumin da ya fara yi mata rajista a Legas shekara goma da suka wuce. A kan hanya wannan ba ya cika jawo tsaiko, domin jami'in da ya tsayar da mota abin da ya fi dubawa shi ne ko takardu sun ƙare. A gaban jami'in rance kuwa, motar ba ta mai neman ba ce. Ba za a karɓi jinginar kayan wani ba.

Gyaran wannan shi ne canjin mallaka a ofishin lasisin motoci na jiha, wanda a jihohi da dama ke ƙarƙashin hukumar tattara kuɗin shiga. Yawanci ana neman yarjejeniyar cinikin da mai sayarwa da mai saye suka sanya wa hannu, takardar rantsuwa ta kotu, shaidar 'yan sanda, da tsofaffin takardun motar. Aikin yana da sauƙi idan wanda ya sayar yana raye kuma an san inda yake. Yakan zama jidali idan ya rasu ko ya ɓace, shi ya sa ranar ciniki ce ranar da ta fi dacewa a kammala shi, lokacin da kowa ke murna kuma mai sayarwa na gaban mutum.

Ko da sunan mai motar ne a takarda, wani ƙaramin saɓani na iya tsayar da komai. Mutum ɗaya na iya zama Muhammad a katin NIN, Mohammed a BVN, Mamman a takardar mota. Ko ya sa sunan garinsu a wani wuri, sunan mahaifi a wani. Kwamfutar banki ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba. Daidaita sunayen kafin a nemi rance ya fi sauƙi a kan yin hakan bayan an mayar da fayil.

Sai batun kwastam, wanda ya fi shafar Arewa. Shekaru da dama motoci masu yawa sun riƙa shigowa ta iyakokin ƙasa daga tashar Kwatano, wasu ta Jamhuriyar Nijar, har zuwa ranar 1 ga Janairun 2017 da Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci ta kan tudu. Wasu daga cikinsu ba a biya musu cikakken haraji ba, wasu kuma takardun da suka zo da su na bogi ne, mai motar ma bai sani ba. Motar da jami'an kwastam za su iya kamawa kowane lokaci ba jingina ba ce a idon banki, don haka masu bayar da rance kan tantance takardun a wurin hukumar. Suna kuma gwada lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke jikin motar da wadda ke takarda. Wanda ya canza inji bai sabunta takardunsa ba zai gamu da tambaya a nan.

Akwai motocin da ba sa cancanta sai an ƙara wani mataki. Wadda aka saya da rancen mota kuma ba a gama biya ba, tana ɗauke da haƙƙin wani tun asali. Wadda ke da sunan kamfani tana buƙatar amincewar daraktoci a rubuce, ko da mai neman shi ne mai kamfanin. Motar gado ba ta zama ta ɗaya daga cikin magada sai an raba gado an kuma mayar da takardu sunansa. Wadda aka saya a gwanjon gwamnati kuwa, takardar gwanjon ita ce tushen mallakarta, kuma ita ce aka fi yawan yasarwa.

Yadda ake yi wa mota kuɗi

Mai mota yakan ƙiyasta darajarta da abin da ya biya, ko da farashin da ya ji ana faɗa a wurin dillalai. Mai bayar da rance ba ya amfani da ko ɗaya. Yakan tura mai ƙiyasi ko makanike ya duba motar, ya fitar da farashi biyu: na kasuwa, da na sayarwar gaggawa, wato abin da za a samu idan dole a rabu da ita cikin 'yan makonni. A kan na biyun ake gina rance, kuma wani kaso nasa kawai ake bayarwa, domin a bar sarari ga faɗuwar daraja, kuɗin ruwa da ɗawainiyar ƙwato motar.

Abin da ke ɗaga darajar jingina shi ne saurin sayuwa. Toyota Corolla ko Camry mai matsakaicin shekaru, wadda kowane makanike ya san ta kuma kayan gyaranta ke ko'ina, ta fi daɗin karɓa a kan wata babbar motar alfarma da sai an yi wata shida ana neman mai saye. Kowane kamfani yana da iyakar shekarun motar da yake karɓa, kuma motar haya takan samu ƙiyasi ƙasa da ta gida saboda wahalar da take sha. Tarihin haɗari, canjin fenti da tsatsar ƙasan mota duk suna rage kuɗi.

Da yake motar za ta ci gaba da yawo, akan ɗora sharuɗɗa biyu. Na farko na'urar bin diddigi da ake saka wa motar, sau da yawa da kuɗin mai karɓar rance. Wasu ma suna riƙe makulli na biyu. Na biyu inshora. Inshorar da yawancin direbobi ke yi, wadda hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani kawai take biya. Idan motar kanta ta ƙone ko aka sace ta, ba ta biyan ko sisi. Saboda haka ake neman cikakkiyar inshora, a kuma rubuta sunan mai bayar da rance a matsayin wanda za a fara biya. A ƙa'idar da hukumar ta fitar a lokaci guda, kuɗin cikakkiyar inshora ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. Wannan kuɗi ne da masu neman rance da yawa ba sa sakawa a lissafi sai an kai ga sanya hannu.

Shi kansa mai neman

Banki mai lasisi ba dillalin mota ba ne, kuma ƙwace mota aiki ne mai tsada da ɓata lokaci. Abin da yake so shi ne a biya shi daga samun mai rance. Don haka bayan katin shaida, BVN, NIN da shaidar adireshi, zai nemi bayanin shige da ficen asusu na watanni, galibi shida zuwa goma sha biyu.

Ma'aikacin gwamnati yana da rinjaye a nan, domin albashinsa sananne ne kuma ana iya cire biya daga tushe. Za a nemi takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa, takardun albashi na baya-bayan nan, a kuma duba shekarun da suka rage masa kafin ritaya, tunda ba a son wa'adin rance ya wuce ranar barin aiki. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada jimillar biyan bashi a wata ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na albashi. Wanda tuni ake cire masa kuɗin ƙungiyar gama kai ta ofis, da na wani rancen da ya ci ta waya, yana iya tarar da cewa ya cinye kasonsa tun kafin ya zo.

Ɗan kasuwa matsalarsa daban ce. Yana iya juya miliyoyi a mako a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa, amma idan cinikin da tsabar kuɗi ake yi, ko kuɗin na shiga asusun yaron shago da na ƙane, to a takarda ba shi da samu. Wanda ke shirin neman rance nan da wata shida, hikima ita ce ya fara tara cinikinsa a asusu ɗaya tun yanzu, ya raba kuɗin gida da na kasuwa, ya kuma yi rajistar sunan kasuwancinsa a hukumar CAC. Littafin shago da rasit na sari suna ƙara nauyi.

Tarihin bashi ma ba ya ɓoyuwa kamar da. Kamfanoni uku ne masu lasisin CBN ke tattara shi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma bankuna na duba rahotonsu kafin su bayar da rance. Ƙaramin bashin da aka yi watsi da shi shekarun baya na iya fitowa ya hana babba. Dokar 2017 ta bai wa kowa damar neman rahoton kansa da kuma neman a gyara kuskure idan akwai. Haka nan tun watan Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke bai wa banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mai rance a wasu bankuna, bisa izinin da ya sanya wa hannu tun farko. Wasu masu bayar da rance kan ƙara da neman mai tsaya wa mutum, ko cakin banki mai kwanan wata na gaba. Cakin ba abin wasa ba ne: a dokar 1977, bayar da cakin da ya dawo babu kuɗi laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari na shekara biyu.

Lissafin da ya kamata a yi a gida

Misali zai fi bayyana lamarin. Alƙaluman na kwatance ne. A ce mota ta kai Naira miliyan 8 a kasuwa, mai ƙiyasi ya sa mata miliyan 6 a sayarwar gaggawa, kamfani ya yarda ya ba da rabin haka, wato miliyan 3, na wata 12 a kan ruwa kashi 5 a wata. Idan ana lissafa ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya har ƙarshe, ruwan kowane wata Naira 150,000 ne, jimilla miliyan 1.8, biyan wata kuma Naira 400,000. Idan kuwa a kan abin da ya rage ake lissafawa, biyan wata yana kusan Naira 338,500, jimillar ruwa kuma kimanin miliyan 1.06. Kashi 5 ne a baki duka biyun, amma tsakaninsu akwai fiye da Naira 700,000. Tambayar wace hanya ake bi ita ce ta fi kowace muhimmanci a teburin jami'in rance, kuma amsar a rubuce ake karɓarta.

Yanzu a ɗauki ma'aikacin da ke da wannan mota, albashinsa Naira 240,000. Kashi ɗaya cikin uku Naira 80,000 ne. A lissafin farko, abin da wannan biya zai iya ɗauka a shekara rancen Naira 600,000 ne kacal. Ke nan zai jinginar da motar miliyan 8 a kan Naira 600,000, ya kuma biya cikakkiyar inshorar da za ta kai Naira 400,000 idan ba shi da ita. Ga irin wannan mutum, rancen albashi ko na ƙungiyar gama kai, ko ma adashi, ya fi hankali nesa ba kusa ba. Jinginar mota ta fi dacewa da ɗan kasuwar da ke da oda a hannu, wadda ribarta ta zarce tsadar rancen kuma kuɗinta zai dawo kafin wa'adi. Ba ta dace da biyan kuɗin haya ko na biki ba, domin waɗannan ba sa haifar da abin da za a biya da shi.

Wa ke bayarwa

Bankunan kasuwanci ba su cika karɓar tsohuwar mota ita kaɗai ba. Sun fi son motar da su suka ba da kuɗin sayenta. Waɗanda suka fi shiga harkar su ne ƙananan bankuna na maikurofainans da kamfanonin kuɗi masu lasisin CBN, sai masu bayar da rance da ke aiki da lasisin jiha. Masu bayarwa ta manhajar waya kuma, tun 2022 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta wajabta musu rajista. Ga wanda ke guje wa kuɗin ruwa, bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019 da Lotus a 2021, ba sa miƙa tsabar kuɗi don a dawo da ƙari. Sukan sayi kayan da mutum ke buƙata su sayar masa da riba sananniya a biya sannu a hankali, kuma su ma suna neman jingina da shaidar samu.

A gefe guda akwai masu kuɗin unguwa da na bakin kasuwar motoci, waɗanda ba sa tambayar BVN ko albashi. Wurinsu ne cancanta ta fi sauƙi, kuma dalilin bai ɓoyu ba: wanda bai damu da yadda za a biya shi ba, motar yake kallo. Wata dabara da aka sani ita ce a sa mai neman ya sanya hannu a takardar sayar da mota maimakon ta rance, a ce don kariya ce kawai. Ranar da aka makara, takardar da ke hannunsu ta nuna ciniki ne aka yi, kuma da wuya a samu abin kai wa kotu.

Idan an gaza biya, da kuma idan an gama

Dokar 2017 ba ta bai wa mai bin bashi damar yin yadda ya ga dama ba. Sai ya sanar da mai rance kafin ya karɓi motar da kuma kafin ya sayar. Daga kuɗin da aka samu za a cire ɗawainiyar sayarwa da bashin, abin da ya yi saura kuma na mai motar ne. Idan kuɗin bai kai ba, ragowar bashin na nan a wuyansa. Rasa mota ba ya nufin an yafe. Sayar da motar da ke jingine a ɓoye kuma ba ya kawar da haƙƙin mai bin bashi a yawancin lokuta, abin da ya sa mai sayen tsohuwar mota ma ke da dalilin bincika rajistar NCR da lambar shasi kafin ya biya. Wanda ke da ƙorafi a kan cibiya mai lasisin CBN zai fara rubuta mata, idan ba a warware ba ya kai ga sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.

Biyan ƙarshe bai rufe fayil ba. Mai motar zai karɓi takardar shaidar kammala biya, ya ƙirga takardunsa na asali da makullinsa da duk wani caki da ya ajiye, ya nemi a soke haƙƙin da aka shigar a rajistar jingina, a cire na'urar bin diddigi, a kuma sanar da kamfanin inshora ya janye sunan mai bayar da rance. Bayan wata ɗaya ko biyu, ya duba rahotonsa a kamfanonin tattara bayanan bashi domin ganin an rubuta cewa ya biya.